Ƙofofi Huɗu da Finjalin Umm Bassam

Manhajar da Maisun ta sa kamfani ya sayo tana nan zaune kamar baƙuwar da aka manta da ita a zaure. An kafa ta, an kunna ta, allonta ya haska, amma ko ɗigo babu a kansa. Aikinta ɗaya ne tak: ta zagaya manyan na'urorin kamfanin Dafyan, ta tambayi kowacce nauyin da take ɗauke da shi, sannan ta faɗi wadda za ta fara durƙushewa ranar da duk Amman ta tashi neman gas a lokaci guda. To ta ina za ta zagaya? Tsakaninta da na'urorin akwai katangar tsaro, mabuɗan katangar suna hannun Abu Nayif, shi kuwa Abu Nayif ya rantse.

Duk wanda ya yi sanyin bara a garin nan ya san mafarin maganar. Da masu hasashen yanayi suka ce ƙanƙara na tafe, kowa ya zaro waya ya danna neman tukunyar gas, har da masu biyu cike a kicin, don haka Allah ya yi mu, ba ma jin labarin ƙanƙara sai mun wawashe burodi da gas. Kafin azahar na'urorin Dafyan sun kwanta warwas. Motoci na tsaye a ma'ajiyar kamfanin da ke unguwar Marka maƙil da tukwane, direbobi na shan shayi, babu wanda ya san gidan da zai nufa.

Mahaifiyar Maisun, Umm Bassam, tana can Suwailih, a kan tudun da ƙanƙara ke fara sauka kafin ko'ina. Tukunyarta ta ƙare, hanya ta toshe, ta nannaɗe cikin barguna da ciwon gwiwarta tana danna wayar da ba ta amsawa. Sanyin ma bai ƙona mata rai ba kamar maganar maƙwabciyarta Umm Rakan, wadda ta leƙo ta taga ta ce, "A'a, har da ke? Ai na ɗauka uwar injiniya gas ɗinta ta famfo yake zuwa." Tun ranar Umm Bassam ta sa aka goge mata Dafyan daga waya, ta koma jiran motar da ke yawo da kiɗa a unguwa kamar zamanin da. Maisun ba mai rantsuwa ba ce, amma ta ƙudura a ranta cewa uwarta ba za ta sake kwana cikin sanyi saboda na'urar da take kula da ita ba.

Bayan ƙanƙarar ta narke aka yi taro a gaban shugaban kamfani. Injiniya Zuhair, shugaban sashen na'urori kuma ogan Maisun, mutum ne da bakinsa ke rigan kansa isa ko'ina. Ya miƙe yana gyara kwat ya ce, "Na'urorina lafiyarsu ƙalau. Katanga ce ta shaƙe mu. An ɗauko mai gadi an ɗora a gaban kwamfuta, me ake tsammani?"

Abu Nayif mutumin Karak ne, gashin-bakinsa a kan aikin nan ya yi fari, tun Zuhair bai san inda ake kunna kwamfuta ba yake tsaron na'urori. Bai ɗaga murya ba. Ya dafa tebur ya ce, "Wallahi tallahi, muddin ina kan kujerar nan, ba zan ƙara buɗe wa sashen Zuhair ko ƙofa ɗaya ba." Shugaban kamfani ya yi gyaran murya, ya duba agogo, ya ce a bar maganar sai wani zama. Wannan zaman har yau ba a yi shi ba.

Ƙofofin da ake faɗa a kansu ba na katako ba ne. Kowace na'ura da ke kan layi tana da ƙofofi masu lamba, sama da dubu sittin da biyar, kowace irin magana da ƙofar da take bi da kuma ƙa'idar da ake yin ta. Katanga tana rufe su duka, sai wadda mai tsaro ya buɗe da sunan daga wane zuwa wane. Saboda haka da aka fara kaɗe zaitun, iska ta fara sa mutane neman rigar sanyi, Maisun ta ɗauki bukatun da masu manhajar suka aiko da su ta hau ofishin Abu Nayif.

A kan teburinsa, tsakanin allo biyu, akwai butar gahawa mai ɗaci da yake dafowa da kansa daga gida kullum safiya. Ba wanda ke shiga ofishin nan ya fita bai sha ba, ko da faɗa ya kawo shi. Ya riƙe butar da hagu, ya tsiyaya, ya miƙa mata finjali da dama.

"Maraba da Injiniya. Ya bokanyar taki? Ta fara duba?"

"Tana jira ka buɗe mata ido, Baffa."

Ya ɗora tabarau ya soma karantawa. "Ashirin da biyu, na gane. Ɗari da sittin da ɗaya, to. Ɗari huɗu da arba'in da uku, wannan kowa na bi. Ɗari da talatin da biyar…" Ya ɗago kai. "'Yata, kin ga abin da ke biye da wannan kuwa?"

Ta gani mana. Rabin na'urorin kamfanin suna da wata ɗabi'a mai ban haushi. In ka ƙwanƙwasa musu ƙofa ta 135 sai su ce sun ji, amma ka zagaya ka same su a wata ƙofar, su jefo maka lamba daga cikin dubu goma sha shida da ɗoriya, yau wannan, gobe waccan. Masu manhajar kuwa, da yake ba gidansu ba ne, sai suka ce a buɗe dukkansu a huta.

"A huta!" in ji Abu Nayif. "Ƙofa dubu goma sha shida! To me ya rage a katangar? In rushe ta mana in shuka na'ana'a a wurin. Kin san abin da ke bayanta? Adireshin kowace tsohuwa da ke kwana ita kaɗai a garin nan, da lambar wayarta, da hawan benen da take. Har na mahaifiyarki yana ciki, ko goge manhajar da ta yi bai cire shi ba. In wangale wa duk ɗan iskan da ya samu hanyar shigowa?"

Maisun ta shanye gahawarta, ta girgiza finjalin alamar ya isa, ta sauko ranta a ɓace. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Ba ta koma da ƙorafi ba, aiki ta koma. Ta bi na'urorin nan masu ɗabi'ar zagaye ɗaya bayan ɗaya, ta koya musu amsawa ta ƙofa guda, 5986, wadda maganar cikinta a kulle take tafiya. Wasu suka karɓa nan take, wasu tsofaffi suka yi taurin kai sai da ta sabunta musu kayan ciki, wata kuma ta ƙi sam har sai da Maisun ta zage ta da sunan wanda ya ƙera ta. Ƙofa ta 161, wadda ake tambayar lafiyar na'ura ta cikinta, tsohuwar ƙa'idarta tana aika kalmar sirri tsirara a kan layi, ta sauya ta da sabuwa mai rufewa. Ta yanka wa manhajar izinin da zai bar ta ta duba amma ba ta taɓa komai ba. Kafin ta gama an matse zaitun, sabon mai ya shigo kasuwa, ruwan farko ya wanke titunan gari.

Ta sake hawa bene. Wannan karon ƙofofi huɗu ta kawo. Abu Nayif ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau.

"Wannan shi ne aiki. Da ɗana Nayif ne ya yi shi da rago zan yanka."

"To a buɗe, Baffa?"

"A'a."

"Haba Baffa!"

"Na rantse a gaban mutane, 'yata."

"Ka yi kaffara mana."

"Kaffara tsakanina da Ubangijina ce, ba ta da wuya. Amma in buɗe haka kawai, shiru, kamar ba a yi komai ba? Gobe ɗan ƙwalisar nan ya ce ai mai gadi ya ji tsoro. Ina! Sha gahawarki."

Ta sauko ta shiga wurin Zuhair. Shi kuma da ya ji abin da take so sai ya juya a kujerarsa yana dariya. "In ba shi haƙuri? Ni? Ke dai a sayo mini sababbin na'urori goma a kashe magana."

"Goma wace iri, Injiniya? Har yanzu ba mu san wadda ta fara faɗuwa bara ba. In muka ƙara ƙarfi inda ba nan ne ciwon yake ba fa?"

"Ni na san ciwon. Yana bene na uku yana shan gahawa."

Kai, maza biyu masu furfura da digiri, an tsaya ana ja-in-ja kamar yara a kan ƙwallo, sanyi kuwa yana matsowa bai san da zamansu ba! Maisun ta fito ta shiga bayi ta wanke fuska, don ba ta so a ga idonta ya yi ja.

Ranar Juma'a ta hau Suwailih. Umm Bassam na zaune kusa da hita tana naɗe shinkafa da nama a ganyen inabi, ƙafarta ɗaya a miƙe a kan matashi. Ta kalli 'yarta sau ɗaya ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya mutu?" Maisun ta zauna ta kwashe labarin duka ta faɗa mata, da ƙofofin, da rantsuwar, da taurin kan Zuhair. Tsohuwar ba ta gane ko lamba ɗaya ba, ba ta kuma yi kamar ta gane ba. Hannunta na ta naɗi har aka kai ƙarshe.

"Shi Abu Nayif ɗin nan ɗan ina ne?"

"Karak."

"Yana ajiye gahawa a wurin aikin?"

"Kullum."

"To jibi Lahadi ki zo ki ɗauke ni."

Maisun ta saki baki. "Umma, ofis ne fa."

"Ofishin ba mutane ne a ciki ba?"

"Amma ai maza ne ke jagorantar tawagar roƙo. Ban taɓa jin mace ta…"

"Ubanki ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bassam yana Dammam yana aiko mini da hoton 'ya'yansa. Gwiwar da ta sha sanyi bara tawa ce. Wa kike so ya je, kyanwa? Miƙo mini ganyen can."

Ranar Lahadi da hantsi Umm Bassam ta shigo Dafyan cikin baƙar rigarta mai jan zare a ƙirji, wadda ba ta sawa sai biki ko makoki, da farin mayafi, da sanda. Ba bene na uku ta fara nufa ba. Ta sa Maisun ta nuna mata ofishin Zuhair, ta tura ƙofa da sandar.

"Kai ne Zuhair? Masha Allah, kyakkyawa. Ni ce uwar Maisun. Ɗana, ba ni hannunka, gwiwar nan ta ƙi ni yau."

Wane ɗan halak ne zai hana tsohuwa hannu? Zuhair ya taso da sauri har yana tuntuɓe, ya ba ta damtsensa, yana ta sannu Hajiya, a hankali Hajiya, ina za mu Hajiya. Sai da lif ya tsaya a hawa na uku sannan ya gane inda aka dosa. Ya ɗan ja baya, amma hannun da ya yi shekara hamsin yana murza ƙullu ba ya sakin abin da ya kama. Ma'aikata kuwa sun hango, labari ya zagaya, kafin su isa ƙofar Abu Nayif rabin kamfanin na biye da su, kowa na yi kamar wata takarda ce ta kawo shi.

Abu Nayif ya miƙe tsaye da ganin tsohuwa, ya ɗora hannu a ƙirji. "Maraba, maraba! Ofishin ya haskaka, Hajiya." Da idonsa ya faɗa kan Zuhair sai gashin-bakin ya motsa. Ya ja mata kujera mafi taushi, ya ɗauki buta, ya tsiyaya, ya miƙa mata.

Umm Bassam ta karɓa da dama. Ta kalli finjalin, ta shaƙi ƙamshinsa, sannan a hankali ta ajiye shi a kan tebur, kusa da linzamin kwamfuta, ta naɗe hannuwanta a kan sanda.

Waɗanda ke bakin ƙofa suka kalli juna. Dukkanmu mun san wannan ajiyar. Mun gan ta a wurin neman aure, mun gan ta a wurin sulhu bayan an zubar da jini, inda dattijo zai ajiye finjali ya ƙi sha har sai mai gida ya biya masa bukata, gahawar kuma in ta huce a nan abin kunyar na mai gida ne har jikokinsa. Amma a tsakanin allo biyu da wayoyi, kuma daga hannun mace, ba wanda ya taɓa gani. Maisun ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige, a lokaci guda kuma wani alfahari ya cika mata ƙirji.

"Hajiya," in ji Abu Nayif, muryarsa ta sauya, "gahawar da aibi ne?"

"Gahawarka ba ta da aibi, ɗan'uwa, tun daga lif nake jin ƙamshinta. Amma ba zan sha ba sai na samu abin da ya kawo ni."

"Faɗi."

"Ƙofofi huɗu. Ban san su ba, ban san inda suke ba, ban san ko da makulli ake buɗe su ko da addu'a ba. Ke, faɗa masa."

Ya riga ya san su sarai, amma ya juyo ga Maisun kamar alƙali, don yana so duk na bakin ƙofa su ji cewa katangarsa ba a buɗe ta da ka. "Ina ji, Injiniya."

"Ashirin da biyu, don na'urorin da ke karɓar oda. Ɗari da sittin da ɗaya, don kayan layi. Ɗari huɗu da arba'in da uku, don rumbunan ajiya. Dubu biyar da ɗari tara da tamanin da shida, don sauran."

"Dubu goma sha shidan fa?"

"Na sallame su, Baffa."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga adireshi ɗaya, na manhajar kaɗai, zuwa na'urorin da muka ambata da suna. Ita ce ke fara magana, su amsa kawai suke yi. Babu wadda za ta iya ƙwanƙwaso mata."

"Ta ɗari da sittin da ɗayan nan ai ba a sallama a cikinta, jefa saƙo ake yi a wuce."

"Haka ne, amma saƙon a kulle yake, kuma sai mai shaida ake amsa wa."

"In ɓarawo ya shiga jikin bokanyar taki fa?"

"Zai ga nauyin da na'ura ke ɗauke da shi, ba zai ga sunan kowa ba, ba zai iya canja ko wasali ba."

Abu Nayif ya gyaɗa kai. Ya kalli finjalin. Tururin da ke tashi a kansa ya fara sirancewa.

"Aikin ba shi da makusa, Hajiya. Amma na rantse. An kira ni mai gadi a gaban jama'a."

"To ƙarya aka yi maka?" in ji Umm Bassam. "An ce adireshina yana bayan katangarka, har da hawan da nake. Ni da nake kwana ni kaɗai, me nake so a duniya da ya wuce mai gadi mai taurin kai? Allah ya ƙara maka taurin kan." Wani ya ƙyalƙyale da dariya a waje, aka yi masa tsawa. Ta juyo da sandarta wajen Zuhair. "Amma wanda ya faɗa ba don yabo ya faɗa ba, na sani. Shi ya sa na kawo maka shi da hannuna. Ɗana, gahawata tana hucewa."

Zuhair ya yi ja har kunne. Da kwat ɗinsa da turancinsa, ɗan garin Salt ne, a gidan kakansa ya tashi, ya san abin da ake faɗa a kan mutumin da ya sa finjalin tsohuwa ya huce. Ya kalli ƙofa, ya ga idanu sun fi ashirin. Ya kalli finjalin. Sai ya taka ya zagaya teburin, ya kama kan Abu Nayif da hannu biyu ya sumbaci furfurarsa.

"Na yi kuskure, Abu Nayif. A gaban mutane na faɗa, a gaban mutane nake janyewa. Haƙƙinka yana wuyana."

Abu Nayif ya dube shi ido cikin ido. Sannan ya dafa kafaɗar Zuhair, ya juyo ga tsohuwar ya ɗaga murya yadda na cikin lif ma za su ji. "Sha gahawarki, Umm Bassam. Abin da kika zo nema kin samu!"

Ta kai hannu, ya riga ta ɗauke finjalin. "A'a, wallahi ba wannan ba, ya yi ɗumi-ɗumi." Ya tsiyaya sabo mai tururi. Ta kurɓe shi, ta girgiza finjalin, wata daga sashen amsa waya ta rangaɗa guɗa kamar an ɗaura aure. Abu Nayif ya zauna, ya ɗora tabarau, ya buga layi huɗu da yatsa biyu kamar yadda ya saba. Maisun ta buɗe kwamfutarta a tsaye, a kan hannu. Allon da ya yi watanni fari fat ya yi ƙyaf, ɗigo ɗaya kore ya fito, sai na biyu, sai suka soma zubowa har suka cika shi. Ba ta san lokacin da hawaye ya zubo mata ba, wannan karon kuma ba ta je bayi ta wanke ba.

"Shi ke nan?" in ji Umm Bassam tana leƙa allon. "Don waɗannan 'yan ɗige-ɗigen na sa rigar bikina?"

Kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce, amma mutumin Karak bai san yadda ake dafa mansaf, shinkafa da naman rago, na mutum goma kacal ba. Ranar Alhamis ya aika manyan farantai unguwar mabukata, ragowar ta ishi direbobi da masu dako da duk hawa ukun kamfanin. An ga Zuhair ya naɗe hannun riga yana dunƙula shinkafa da miyar jamid ta busasshen nono a faranti ɗaya da shi, Abu Nayif na tura masa tsoka yana cewa ci, ci, ko bakin nan ya samu aikin yi.

Manhajar ta yi makonni tana sauraro kafin ta yi magana. Da ta yi, sai ga shi katangar ko gumi ba ta yi. Ciwon yana jikin na'ura ɗaya, wadda ke haɗa kowace oda da motar da ta fi kusa, ita ce ke cika ta shaƙe da zarar buƙata ta ninka uku, sauran su faɗo a kanta. A gefenta kuma ga wasu na'urori manya-manya suna zaman banza, ko kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsu ba a taɓawa. Ba a sayo ko ɗaya ba. Maisun ta ɗebo ƙarfi daga masu zaman banza ta ƙara wa mai wahala, ta raba aikinta biyu, manhajar ta sake lissafi ta ce yanzu za a ɗauki ninki biyar da sauran numfashi. Zuhair ya daɗe yana kallon sakamakon. Daga nan ya tashi da ƙafarsa ya hau bene na uku ya faɗa wa Abu Nayif da bakinsa, kuma wannan karon ba wanda ya riƙo masa damtse.

Ƙanƙarar ta zo a tsakiyar Janairu. Tun da safe sama ta yi fari, masu hasashe suka ce kafin la'asar za a rufe hanyoyi, Amman kuma ta yi abin da ta saba. Su uku suka tsaya a gaban babban allo, Maisun a tsakiya, Abu Nayif da butarsa, Zuhair yana cizon farce. Layin oda ya tashi kamar an taka maciji. Ya ninka biyu. Ya ninka uku, daidai inda aka faɗi bara, Zuhair ya kira sunan Allah, "Ya Sattar", ya rufe ido. Layin ya wuce, ya kai huɗu, ya ɗan haura, sannan ya lanƙwasa ya miƙe a ƙasan jan layi, daidai wurin da manhajar ta ce zai tsaya. Kore, kore, kore. A ɗaya allon motoci na fita daga Marka kamar tururuwa, kowacce ta san gidan da za ta.

"Bokanyar taki ta iya duba," in ji Abu Nayif, ya miƙa mata finjali.

Kafin ta kai baki wayarta ta yi ƙara. Umma ce. Maisun ta ɗauka da sauri, sai ta jiyo kiɗan motar gas a bayan muryar, da ƙarar tukunya ana gangaro da ita.

"Ke 'yar nan, da yatsana na danna. Jiya na sa aka mayar mini da abin naku. Ko shayin da na ɗora bai tafasa ba sai ga mutumin a ƙofa."

"Alhamdu lillahi, Umma. Kin kunna hitar?"

"Tsaya tukuna, ba da ke nake ba." Muryar ta yi nisa da wayar, amma ta ƙara ƙarfi, yadda duk layin zai ji. "Kai, ɗana! Ɗayar tawa ce, shigo da ita. Ɗayar kuma kai wa waccan ƙofar, gidan Umm Rakan, tata ta ƙare tun jiya. In ta tambaye ka daga ina, ka ce mata daga famfon uwar injiniya!"

Maisun ta fashe da dariya har gahawar ta zube mata a hannu. Abu Nayif ya karɓi finjalin ya sake cika mata.